Robar Tsotso da Darasin Yaye

Da ƙarfe uku na dare, cikin tsananin sanyin watan Janairu a Jos, ina durƙushe a kan siminti, kaina a ƙarƙashin gado, ina laluben wata 'yar roba wadda ba ta kai tsawon yatsana ba. An ɗauke wuta tun magariba. Hannu ɗaya yana riƙe da waya ina haskawa, ɗayan yana shafa ƙasa cikin ƙurar hunturu. A bisa kaina, cikin gidan sauro, ɗana yana tsala kuka kamar wanda kunama ta harba. Wannan ne tashi na shida a daren, kuma da ƙarfe bakwai da rabi ana jirana a gaban yara arba'in da biyu 'yan aji uku na firamare.

Na sami robar a bayan ƙafar gado. Na wanke ta da sauran ruwan zafin da ke cikin fulas, na sa masa a baki. Kafin in gyara ɗaurin zanena ya yi shiru, ya lumshe ido kamar ba shi ba. Ni kuwa na zauna a bakin gado ina dubansa, na san sarai cewa kafin awa ɗaya ta cika za mu sake.

Ba zan ambaci sunansa ba. Ɗan fari ne, mu kuwa an tarbiyyantar da mu da alkunyar ɗan fari. Kakarsa takan kira shi Angona, sai mu bar shi a haka.

An haife shi a watan Agusta, ana tsakiyar damina. Surukata ta zo daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi ta yi mini zaman jego. Ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta goya jariri domin in runtsa da rana. Bayan arba'in ta koma gida saboda girbi ya kawo jiki. Maigidana yana aiki a wani gidan burodi, dare huɗu a mako yakan fita da ƙarfe goma sai hantsi ya dawo. Sai aka bar ni daga ni sai jariri a ɗaki biyu na haya.

Wata maƙwabciyata ce ta ba ni robar tsotson, lokacin yaron yana da mako shida. Yakan yi kukan yamma mai tsawo, ya sha nono ya ƙoshi har ya yi tumbuɗi, duk da haka bakinsa yana neman abin tsotsa. Ranar da na fara sa masa ita ya yi barcin awa huɗu cur. Na durƙusa na yi wa Allah godiya da gaske, kuma har yau ban ga laifin wannan godiyar ba. A waɗannan watanni robar ta taimake ni. Da ita nake samun damar dafa abinci, da ita na iya zama cikin majami'a har a gama wa'azi, da ita kuma matar da nake bar mata shi take lallashinsa sa'ad da hutun haihuwata ya ƙare na koma makaranta.

Da ya kai wata huɗu, abin ya juye. Yaron da ke barcin awa huɗu ya koma tashi kowace awa. Ba yunwa ba ce, domin in na ba shi nono sai ya ja sau biyu ya saki. Babu zazzaɓi, babu ciwon ciki. Robar kawai yake nema. In barci ya ɗauke shi sai bakinsa ya saki, ta faɗi. In ya motsa ya ji babu ita sai kuka. Na zama baiwar roba. Na sayi ta biyu, na sayi ta uku, na jera su a kan faranti kusa da matashina kamar maganin mai jinya.

Surukata ta kawo mana ziyarar Kirsimeti ta gan shi da ita a baki. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "'Yata, mene ne wannan kuka cusa wa Angona? Yaro yana tsotsar roba alhali uwarsa tana da rai?" Na sunkuyar da kai na ce, "Mama, ku yi haƙuri, ita ce take sa shi barci." Ta ce ita 'ya'ya bakwai ta raina, babu wanda ya san roba. Na yi shiru domin ladabi, amma maganar ta soke ni. Daga ranar na ƙara wa gajiyata kunya. Na riƙa ɓoye robar cikin jaka in za mu sujada, ina tsoron kada mata su ce ga malamar makaranta da ta kasa rainon ɗa guda.

Rashin barci ciwo ne da ba ya nuna rauni. Wanda bai taɓa yin wata biyu ba tare da barcin awa biyu a jere ba, da wuya ya gane abin da nake faɗi. Na fara mantuwa. Na zuba gishiri cikin shayi. Wata rana na tsaya a gaban allo da alli a hannu, na rasa abin da nake koyarwa, yara suna dubana. Na riƙa yi wa maigidana tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shi ma ya dawo daga gaban tanda a gajiye, sai ya mayar mini, ko ya yi shiru ya juya fuska bango. Addu'ar safe da muka saba yi tare tun ranar aurenmu ta mutu ba tare da wani ya yi mata jana'iza ba. Littafi Mai Tsarki yana kan tebur, ƙura ta rufe shi. In na rufe ido domin addu'a, barci ne yake sace ni. In na kwanta domin barci, kuka ne yake tashe ni.

Akwai dare ɗaya da na daɗe ban gaya wa kowa ba. Daren Alhamis ne cikin Fabrairu, maigidana yana wurin aiki. Na daina ƙirga tashi tun daga na bakwai. Na sa masa robar, ya tofar, na sake sawa, ya sake tofarwa, kukan yana ƙaruwa. Sai na ji wani abu mai zafi ya taso mini daga ciki. Na kama shi ta hammata biyu na ɗaga shi sama da ƙarfi, na daka masa tsawa na ce, "Me kake so in yi maka?" Na ji hannuwana suna so su jijjiga shi. Ya yi tsit. Ya zuba mini ido cikin hasken waya, irin kallon da jariri bai kamata ya yi wa uwarsa ba.

Allah ya riƙe hannuna a daren nan. Ban san yadda aka yi ba, na dai kwantar da shi rigingine a tsakiyar gado, na soke gidan sauro, na fita tsakar gida ba takalmi. Na zauna a jikin durom ɗin ruwa cikin sanyi ina kuka, shi ma yana kuka a ɗaki. Na so in yi addu'a, kalma ta ƙi zuwa. Abin da na iya faɗi shi ne, "Ubangiji, ka gan ni." Na maimaita shi ban san adadi ba. Bayan kamar minti goma jikina ya daina rawa, na koma na ɗauke shi, na goya shi har asuba.

A taron zumuntar mata na makon da ya biyo, na zauna can baya. Ana waƙa ina gyangyaɗi. Da aka tashi, Uwar Zumunta ta riƙe hannuna. Dattijuwa ce, ungozoma mai ritaya, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran ikkilisiyarmu. Ta ce, "'Yata, idonki ya faɗa. Gobe da la'asar ina zuwa gidanki, kada ki dafa mini komai." Da ta zo, ta karɓi yaron ta ɗora a cinya, ta ce in faɗa mata gaskiya. Na faɗa mata duka, har da daren Alhamis. Na zaci za ta tsawata mini. Sai ta ce, "Kin yi daidai da kika ajiye shi kika fita. Jariri ba ya mutuwa saboda kukan minti goma a wurin da babu haɗari, amma jijjiga tana iya zubar masa da jini cikin kai, ta makantar da shi ko ta kashe shi, domin kansa yana da nauyi, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. In kin sake jin haka, ki sake fita. Sa'an nan ki buga mini waya, ko ƙarfe nawa ne."

Daga nan ta bayyana mini abin da ke faruwa, dalla-dalla kamar tana koyar da ɗaliba. Ta ce barci ba tafiya ɗaya ba ce daga dare zuwa safiya. Zagaye-zagaye ne, mutum ya nutse ya taso, ya sake nutsewa. Zagayen babba yakan kai kamar minti 90, na jariri kuwa bai cika wuce minti 50 ko 60 ba. A ƙarshen kowane zagaye dukanmu mukan ɗan farka, mu gyara matashi, mu koma barci ba mu ma sani ba. Wajen wata huɗu tsarin barcin jariri yakan canja, wannan 'yar farkawar ta fito fili. In ya farka ya tarar da komai yadda ya bari, sai ya zarce. In kuwa ya yi barci da roba a baki ya farka babu ita, to, a wurinsa duniya ta canja, dole ya yi kira. Ta ce, "Ki ɗauka kin kwanta a kan gadonki, kin farka kin gan ki a tsakar gida. Za ki juya ki ci gaba da barci?"

Ta ce tsotsa halitta ce da Allah ya dasa wa ɗan Adam tun yana ciki, a watannin ƙarshe kafin haihuwa, kuma tana kwantar masa da hankali ko da babu nono. Saboda haka robar ba zunubi ba ce, masana ma ba su tsaya wuri ɗaya a kanta ba. Ta tuna lokacin da take aiki, sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka kawo shirin asibitoci masu kula da shayarwa a 1991: an umarce su kada su ba jarirai masu shan nono roba ko kaɗan, don kada ta rage musu kama nono. A 2018 aka sassauta wannan, aka ce a yi wa iyaye bayanin amfaninta da haɗarinta. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa tun 2005 take ba da shawarar a miƙa wa jariri roba lokacin kwanciya, bayan shan nono ya kankama, domin an lura tana rage haɗarin mutuwar farat ɗaya da takan sami jarirai cikin barci, wadda mafi yawanta takan faru kafin wata shida. Amma su ma sun ce in ta faɗi bayan barci ya ɗauke shi, ba dole ne a mayar ba.

Ta kuma faɗa mini ɗaya gefen. Robar da ta faɗi ƙasa aka mayar baki ba a wanke ba tana kawo gudawa, saboda haka a riƙa tafasa ta minti biyar, kada kuma uwa ta tsotse ta da nata bakin da sunan tsabtacewa. Kada a rataya ta da zare a wuyan yaro, zaren yana iya shaƙe shi. Kada a tsoma ta cikin zuma, domin zuma tana da haɗari ga yaron da bai shekara ba. Bayan wata shida, yawan tsotsarta yana ƙara yiwuwar ciwon kunne, in kuma aka bar ta har yaro ya wuce shekara biyu ko uku tana iya turo haƙoran gaba.

Na ce, "To Mama, in raba shi da ita ke nan?" Ta ce hanya biyu ce, babu wadda ta fi wata tsarki. Ko in daure har ya kai wata bakwai ko takwas, lokacin da yara da yawa sukan koyi lalubo ta su mayar da kansu, ko in cire ta gaba ɗaya in sha wahalar 'yan kwanaki. Sa'an nan ta dube ni ta ce, "Amma wannan ba shi ne na farko ba. Na farko shi ne ki yi barci. Mace mai wata biyu ba barci ba ta yanke shawara."

Ba ta tsaya a magana ba. Ta sami wata gwauruwa 'yar zumuntarmu da ke kusa da mu, ta roƙe ta ta riƙa kwana a gidanmu dare biyu a mako. Ta kira maigidana ta zaunar da shi, ta ce masa, "Ɗana, burodin da kake gasawa mutane suna ci suna ƙoshi, ga matarka tana ƙonewa a gida." Ya yi shiru, daga baya ya zo ya roƙe ni gafara, ni ma na roƙe shi. Muka shirya cewa dararen da ba ya aiki, shi ne mai tashi daga ƙarfe tara zuwa biyu, ni in kwanta a ɗaya ɗakin. Daren farko da na yi barcin awa biyar a jere, na farka ina jin kamar an sauke mini buhun masara daga ka.

Abin mamaki, surukata ce ta ƙarasa buɗe mini ido. Maigidana ya gaya mata halin da nake ciki, sai ta kira ni a waya. Ta ce, "'Yata, na yi miki magana ban auna ba. Gaskiya ne ban ba 'ya'yana roba ba, amma a gidanmu in yaro ya yi kuka hannu goma ke miƙowa. Ga uwar miji, ga faccaloli, ga 'yan mata. Ke kuwa hannu biyu gare ki, ga aikin gwamnati. Ashe robar ce ta zame miki dangi." Na riƙe wayar ina hawaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na san karin maganar tun ina yarinya, amma girman kai ya hana ni ganin cewa da ni take.

Muka yanke shawarar cire robar a hutun Ista, yaron yana da wata bakwai da rabi, yana cin kunu da 'yar faten dankali, lafiyarsa ƙalau. Uwar Zumunta ta ce kada mu bar shi ya yi kuka shi kaɗai, kada kuma mu fara mu koma. Kowace yamma mu bi tsari ɗaya: wanka, nono, waƙa, addu'a, sai kwanciya rigingine cikin gidan sauro, yana jin barci amma idonsa biyu. Daren farko ya yi kukan minti arba'in kafin ya yi barci, ya kuma tashi sau biyar. Na rungume shi, na shafa bayansa, babansa ya karɓa ya yi ta zagaya ɗaki da shi.

A dare na biyu ne na koyi abin da ya sa nake wannan rubutu. Wajen ƙarfe ɗaya ya farka yana juya kai hagu da dama, bakinsa a buɗe yana nema. Na ɗauke shi na manna a ƙirjina. Ya yi ta banƙarewa yana ture ni, yana kuka irin na wanda aka yashe. Robar kuwa tana ƙulle a bakin zanena, domin na kasa jefar da ita. Da yatsa biyu zan iya kashe kukan nan take. Ban yi ba, kuma ba don ƙaunata ta ragu ba. A dukan kwanakinsa ban taɓa riƙe shi da ƙauna irin ta wannan daren ba. Shi dai bai sani ba. Abin da ya sani shi ne an hana shi abin da ya saba da shi. Yana cikin hannuna yana kukan rashina.

A nan na ga kaina. Shekara guda kafin haihuwarsa maigidana ya rasa aikin ofis mai albashi mai kyau, shi ya sa ya koma gaban tanda. Tun daga lokacin nake roƙon Allah ya mayar mana da abin da muka rasa, ina jin kamar addu'ata tana dukan rufin kwano tana dawowa. Cikin zuciyata na riga na yanke hukunci cewa Allah ya juya mini baya, tun da bai sa mini abin da nake nema a baki ba. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina hannun wa yake riƙe da ni ba duk tsawon wannan lokaci: haya ba ta taɓa gagarar mu ba, na haihu lafiya, an riƙe hannuna daren Alhamis, an aiko mini da dattijuwa da gwauruwa.

Na kuma ga tawa robar. Duk daren da na tashi, bayan na sa wa yaro tasa sai in ɗauki waya in shiga Facebook, ina ta jan hotunan mutane sama har idona ya yi yaji. Ba na samun komai a ciki, kamar yadda ɗana ba ya samun ko ɗigon nono daga roba. Tana dai toshe mini baki kada kukan da ke cikina ya fito. Da na bar kukan ya fito gaban Allah da gaban 'yan'uwa tun a watan Disamba, da wataƙila ban kai daren Alhamis ba.

Ina so in yi hattara a nan, 'yan'uwa. Ba na cewa kowace wahala da ta sami mai bi yaye ne daga wurin Allah. Akwai rashin da mugunta ta kawo, akwai ciwon da ke bukatar likita, akwai uwar da baƙin cikin bayan haihuwa ya kama, wadda magani da kulawa take bukata, wa'azi kaɗai ba zai ishe ta ba. Ba na kuma cewa uwar da ta bar wa ɗanta roba ta gaza. Wata 'yar'uwa a zumuntarmu ta bi ɗaya hanyar, ɗanta ya koyi mayar da ita da kansa, suka yi barcinsu lafiya. Abin da nake shaidawa ƙarami ne: na gano cewa hanawa da rungumewa suna iya fitowa daga hannu ɗaya a lokaci ɗaya.

A dare na uku ya yi kukan minti goma. A na huɗu ya yi 'yan gunaguni, ya kama gefen zanen goyonsa, ya yi barcin awa biyar. Bai daina tashi gaba ɗaya ba. Har ya shekara yakan farka sau ɗaya ko biyu ya sha nono, wannan kuwa al'adar jarirai ce. Ranar Lahadin Tashin Almasihu na kwance bakin zanena na jefa robar cikin kwandon shara, na ɗauki Littafi Mai Tsarki na kaɗe ƙurar.

Uwar Zumunta ce ta ce in karanta Zabura ta 131. Aya uku ce kacal, tana cikin waƙoƙin da masu haurawa Urushalima sukan rera. A cikinta Dawuda ya ajiye girman kai da bin al'amuran da suka fi ƙarfinsa, ya kamanta ransa da yaron da aka riga aka yaye, yana kwance shiru a jikin uwarsa. Na sha karanta ta a dā, ina wucewa. Yanzu na tsaya a kan kalmar yaye. Mutanen Littafi Mai Tsarki ba su ɗauki yaye ƙaramin abu ba. A Farawa sura 21, Ibrahim ya yi babban biki ranar da aka yaye Ishaku. Hannatu ta ƙi haurawa Shilo sai da ta yaye Sama'ila, sa'an nan ta kai shi ta miƙa shi ga Ubangiji a gaban Eli. Mu ma a ƙasar Hausa mun san nauyinsa: akan kai yaro gidan kaka ya kwana biyu, wasu su shafa maɗaci a nono, kowa a gida ya san za a sha kuka. Babu yaye marar hawaye.

Ban gane zaburar sosai ba sai bayan fiye da shekara guda. Na ci gaba da shayar da shi har ya kusa shekara biyu, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara, kamar yadda kuma iyayenmu suke yi tun kafin a kafa hukumar. Kafin yaye, duk sa'ad da ya hau cinyata sai ya fara jan rigata. Ni a wurinsa wurin samun abu ce. Makonni kaɗan bayan yaye, wata yamma ina zaune a kan tabarma ina tsince shinkafa, ya bar wasansa ya zo ya hau cinyata, ya jingina kansa a ƙirjina. Na jira ya ja riga. Bai ja ba. Bai nemi komai ba. Ya zauna yana sauraron bugun zuciyata, yana kallon kaji, har rana ta faɗi. Ya zo ne domin ni.

Har yanzu maigidana yana gasa burodi. Har yanzu ina roƙon Allah ya buɗa masa, ban kuwa ji kunyar roƙon ba, gama Ubangijinmu da kansa ya koya mana mu roƙi abincin yini. Amma wasu safiya, kafin gida ya tashi, nakan zauna gabansa ba da wata bukata ba, ina koyon abin da ɗana ya koya. Ban ƙware ba tukuna. Wayata tana kwana a ɗaya ɗakin, domin na san halina.

Akwai kuma inda kwatancin ya gaza, gazawar ce ma ta fi ta'azantar da ni. Ni uwa ce mai gajiya. Na yi fushi, na yi tsawa, na kusa cutar da abin da na fi ƙauna. Wanda yake riƙe da mu ba ya gyangyaɗi, ba a tashinsa sau bakwai har haƙurinsa ya ƙare. Ko ƙarfe uku na dare muka kira, ba ma tarar da shi a gajiye.

Ina da roƙo ga ikkilisiya. In kuka ga mai goyo tana gyangyaɗi ana wa'azi, kada ku zunguri juna. Ku tambaye ta yaushe rabonta da barci. Iyaye mata, ku auna magana kafin ku gaya wa 'ya'yanku yadda kuka yi raino a zamaninku, ku tuna hannuwan da suka taya ku. Maza, kukan dare na ku biyu ne. Ke kuma 'yar'uwa da kike karanta wannan da ido ja, jariri a kafaɗa, ki buɗe baki ki faɗa wa wata. Ni na yi wata biyu ina ɓoyewa, saura kaɗan ya ci ni.

Ya Uba, kai da ka san dararen da ba wanda ya gani, ka ƙarfafa iyayen da ke tsaye a bakin gado yanzu haka. Ka riƙe hannun wadda haƙurinta ya ƙare, ka aiko mata da mai taimako. Ka nuna mana abubuwan da muke toshe bakinmu da su, ka raba mu da su a hankali. Sa'ad da muke kuka muna ture ka, kada ka sake mu. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.